Yadda Na Sauke Yaya Lawal Daga Mota

A gidanmu na Daura akwai maganar da ba a yi a gabana, amma na san ana yin ta, domin kurumtar tsoho ta ganin dama ce. Ana cewa Sale direba ya samu ƙarfe ya yar da wansa. Ku 'ya'yana kun ji ta tun kuna ƙanana, kuka haɗiye saboda ni ne ubanku. 'Ya'yan Yaya Lawal kuwa ba su haɗiye ba, musamman babbansu Nura, wanda har yau in ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya gaida tabarma, ya tashi. Ban ga laifinsa ba. Shekara da shekaru bakina a ɗaure yake da alkawarin da na yi wa mahaifiyarsu Abu, sai bara da Allah ya karɓi abarsa alkawarin ya sauka daga wuyana. Don haka ku matso ku ji yadda aka yi, ɗayanku ya rubuta, tun ina da sauran numfashin faɗa.

Motar da na fi daɗewa a kanta tirela ce ta wani Alhaji, irin shimfiɗaɗɗiyar nan marar bango, wadda in ka ɗora mata kaya babu abin da ke riƙe da su sai Allah sai ɗauri. Ni nake tuƙi, Yaya Lawal yake ɗauri. Gero, dawa da gyaɗa muke kwasa daga kasuwannin ƙasar Daura mu yi kudu, mu dawo da taki ko siminti. Wanda bai san aikin ba yana ganin direba ne komai, tunda shi ke zaune a gaba yana danna ham. Ƙarya ne. Buhu abu ne mai taurin kai. 'Yan dako za su jera shi ya yi kyau kamar an shirya shi don a ɗauki hoto, amma da mota ta fara girgiza sai hatsi ya zauna, buhu ya motse, igiyar da ɗazu take a miƙe ta saki. Kwana ɗaya mai kaifi ya isa ya zubar maka da arzikin mutane a kwalta, in an yi rashin sa'a har da ran mai babur. Yaya kan hau can ƙololuwar kaya ba takalmi, ya ratsa igiya, ya sauko ya sa ƙafa a jikin mota ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Yana da wani ƙulli nasa da ban taɓa ganin irinsa a hannun kowa ba: zai riƙe daga Daura har bakin teku bai motsa ba, amma ranar sauke kaya ja ɗaya za ka yi wa bakinsa ya warware. Saboda wannan ƙulli ne in an yi rasuwa a unguwarmu shi ake kira ya ɗaure likkafani, don in an sa mamaci a kabari a kwance ba wahala. Ni ban taɓa koyonsa ba. Me zan yi da shi alhali ga Yaya?

Muna da al'ada guda. In mun bar Daura muka ɗan miƙa a hanyar Kazaure, akwai wata tsamiya a bakin titi, nan nake tsayawa ko da mun makara. Yaya zai sauka ya zagaya motar, yana marin kowace igiya da tafin hannu yana saurare, ya ƙara wa wadda ta saki. In ya ga bakin igiya yana reto sai ya naɗe shi ya ƙulle, yana mita:

"Mai barin jela bai gama aiki ba, Sale. Ya dai gaji ne."

Daga nan mu zauna a inuwa mu sha fura. Yaya ba mai magana ba ne, a gida kana iya wuni da shi ba ka ji komai ba sai sallama da hamdala. Amma a gindin tsamiyar nan bakinsa yake buɗewa. A nan ya gaya mini zai nemi Abu, a nan ya zaɓar mini mahaifiyarku, a nan ya yi mini faɗan da ya raba ni da sigari. Duk abin da na sani na zuciyar wana, a wurin nan na ji shi.

Shekarar da nake son ba ku labari, da damina ta ja baya, Abu ta same ni a zaure ina wanke ƙafa. Kun san tsakanin matar wa da ƙanin miji sai tsiya da barkwanci. Ba ta taɓa wuce ni ba ta ce mini ragon direba mai aiki a zaune ba, ni kuma in ce tuwonta ne ke cinye mana taya. Ran nan ba ta tsokane ni ba. Ta tsaya ta leƙa waje, ta leƙa cikin gida, sannan ta rage murya.

"Sale, zan gaya maka magana, amma sai ka yi mini alkawari tsakaninka da Allah ba za ta fita ba."

"Yau kuma? Ko kin ƙona miyar ne kina neman mai rufa miki asiri?"

"Ba wasa nake ba. Yayanka jiri yake yi. Ba sau ɗaya ba na tsince shi a ƙasa a bayan ɗaki. Da ƙyar na lallaɓa shi aka auna shi, suka ce jininsa ya hau sosai, kada ya ƙara hawa saman kaya. Ya rantse in na gaya wa wani, musamman kai, a bakin aurena."

Na ce to mene ne abin ɓoyewa a ciwo? Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Kai ba ka san shi ba? Gara masa mutuwa da a ce ya gaza. Ni dai ka sauke mini shi daga motar nan. Yadda za ka yi, kai ka sani, amma kada sunana ya fito."

Na yi mata alkawari. Kun san Yayana, in ya rantse ya rantse. Da ya ji ta faɗa, da ya sake ta ko da zai yi kuka a bayanta, ga yara ƙanana. Sai na wayi gari da kaya biyu a kaina, ran wana da auren matarsa, kuma ba ni da ikon in sauke ko ɗaya a gaban kowa. Ga shi ƙane ba ya duban wansa ya ce masa zauna ka tsufa, ba a haife mu a gidan da ake haka ba.

Ana cikin haka sai kamfanin da muke ɗauko wa siminti ya ce daga yanzu motar da ta zo da igiya ba za ta shiga layi ba, sai mai bel. Alhaji ya tura mu shagon Emeka, wani Inyamuri mai sayar da kayan mota wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya fito mana da bel masu faɗin tafin hannu, kowane da ƙugiya a baki, da wasu ƙarafa masu haƙora da ake likawa a gefen tirela, mu direbobi muna ce musu winci. Ka zura bakin bel a ciki, ka sa sandar ƙarfe ka danna, yana naɗewa yana ƙara, haƙoran suna riƙewa. Emeka ya gwada mana yana washe baki.

"Sale, wannan ko matarka za ta ɗaure mota da shi. Mutum ɗaya ya isa, ba zufa, ba ciwon baya."

Kowa ya yi dariya ban da Yaya, wanda ya ɗauki bel ɗin ya murza shi a yatsu, ya ajiye. Ni kuwa sai na ji kamar an miƙo mini mabuɗi. Na ce a raina ga dalili ya zo har gida, dalilin da ba sunan Abu a ciki, ba maganar ciwo, ba maganar tsufa. Ƙarfe ne, wa zai yi fushi da ƙarfe? Haka na lissafa, kuma a lokacin har ina yaba wa kaina wayo.

Bayan magariba muna cin tuwo a ƙofar gida, kwano ɗaya kamar kullum, na tattaro ƙarfin hali na ce:

"Yaya, tunda an kawo bel ɗin nan, ina ganin aikin ba ya buƙatar mutum biyu. Ka huta a gida ka riƙa duba mana gona, abin da na samo namu ne duka."

Bai ɗago ba. Ya gama tauna lomar da ke bakinsa tukuna.

"Alhaji ne ya ce, ko kai?"

Da na ce Alhaji ne, da gari na wayewa zai je ya tambaye shi. Na ce ni ne.

"Wato ƙarfen ya fi ni."

A nan ne harshena ya kai ni inda ban aike shi ba. Ina neman abin da zan ce wanda ba zai taɓa shi ba, sai na ji bakina ya ce:

"Ba haka ba ne, Yaya. Shi dai ba ya gajiya."

Ya tsame hannunsa daga kwano, ya wanke, ya yi hamdala, ya shiga gida. Daga ranar ba mu sake haɗa hannu a kwano ɗaya ba. Magana zarar bunu ce, kuma tawa ta zaru a daidai inda rufin ya fi rauni.

Tafiyata ta farko ni kaɗai, 'yan dako suka jera buhuna suka rufa tamfol suka sauka. Na naɗe bel na wurga shi ta saman kaya ya faɗa ɗaya gefen, na zagaya na maƙala ƙugiya, na dawo na danna sanda har ya miƙe. Na yi na biyu, na yi na uku, har na gama motar. Ban lura da komai ba sai da na tsaya a tsamiya ina ƙara ɗauri, na duba ƙafafuna na ga tun safe suna ƙasa. Ban hau ko'ina ba. Da bel, mai ɗauri ba ya hawa sama, daga ƙasa ake wurgawa, daga ƙasa ake matsewa. Abin da Abu ta roƙa ke nan, kada ya hau, kuma ƙarfen da kansa ya riga ya biya mata buƙata. Da na yi haƙurin tafiya ɗaya tak kafin in buɗe baki, da Yaya yana gefena, sanda a hannunsa, ƙafarsa a ƙasa, ba wanda ya ce wa kowa komai. Na zauna a gindin tsamiyar nan da ƙullin furata, na kasa damawa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan hantsi ba.

Ina dawowa ko wanka ban yi ba na same shi yana gyaran igiyoyinsa a tsakar gida. Na durƙusa.

"Yaya, na yi kuskure. Aikin nan ya fi ƙarfina ni kaɗai. Ka dawo."

"A'a, Sale. Kada ka ɗauki mai gajiya."

Na aika masa kawunmu, na aika limamin unguwa. Amsa ɗaya ya ba su duka, cewa shi ba ya fushi da kowa, amma ba zai zauna a mota a matsayin kaya ba. Ban isa in ce masa ai don lafiyarka na yi ba, domin tambaya ta gaba ita ce wa ya gaya maka.

Gonar ma bai duba ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa da igiya a kafaɗa, ni da Abu muka ɗauka zai zauna yana kallon gero yana tsiro. Sai ya ɗauki igiyoyinsa ya shiga bin kasuwanni, yau Zango, gobe Babban Mutum, yana ɗaure wa tsofaffin motocin katako waɗanda ba ruwansu da dokar kamfani. Su kuwa lodinsu ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba, sai an tula kaya har sun wuce bango, sannan a ɗora wasu a kai. Na taɓa wucewa na hango shi can sama, tsakar rana, yana tafiya a kan buhuna, iska tana kaɗa rigarsa. Na taka birki, na buɗe ƙofa, na ga jama'a, na rufe na wuce. Garin neman gira muka rasa ido. Na koma wa Abu na ce ta sake ni daga alkawarin nan in gaya masa gaskiya. Ta fashe da kuka.

"In ka faɗa, zai sake ni, kuma ba zai fasa hawa ba. Ka ga na rasa biyu ke nan."

Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ci gaba da riƙe alkawarin.

Amma akwai abin da ba wanda ya sani a cikinku, kuma shi ne abin da nake riƙe da shi in zuciyata ta yi nauyi. In na yi lodi da yamma nakan kwana da motar a filin da ke bayan masallacin unguwa, in tashi da safe. Ni kuma kun san halina, ragowar bel da ke saura bayan an matse, cusa ta nake yi ko'ina in wuce. Wata safiya na fito daga sallar asuba na tarar kowace jela an naɗe ta tsaf an ƙulle da ƙullin da ko a mafarki na gan shi zan gane. Na mari bel ɗin, na ji an ƙara wa biyu daga ciki. Wato ya iya sandar ma, a ɓoye ya koya. Daga ranar, in an sallame salla sai in ga Yaya ya tashi ya fita bai dubi kowa ba, ni kuma in zauna in ja carbi, in ja, in ƙara ja, har liman ya fara yaba mini yawan lazimi. Ba lazimi ba ne, lokaci nake ba wana ya gama duba motata. Jelar kuwa da gangan na riƙa barinta tana reto. Shi ya san na sani, ni na san ya sani, muka yi ta tafiya a haka. Kullum ina cewa wata safiya zan fito da wuri in same shi a jikin mota, in miƙa masa mabuɗin ƙofar gefe ba tare da na ce komai ba. Ina jiran ranar da zuciyarsa za ta ƙara sanyi.

Ranar ba ta zo ba. Wata shekara da kaka, ranar kasuwar Babban Mutum, bayan azahar, jirin ya same shi a saman wata mota da aka tula wa dawa. Waɗanda suka gani sun ce bai yi ko ƙara ba, igiyar na hannunsa ya faɗo ƙasa. Ina hanyar dawowa daga Kano aka kira ni. Na same shi a asibiti a Daura, an naɗe masa kai, Abu na zaune a ƙasa ta rufe fuska, Nura na tsaye a jikin bango. Na riƙe hannunsa, hannun nan mai kanta kamar bayan itace, na kira shi. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

"Sale... ka tsaya a tsamiya?"

"Na tsaya, Yaya."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Washegari da hantsi ya cika.

Da aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, sai aka tsaya ana kallon juna, domin mai ɗaurewar ne yau a kwance. Ni ne ƙaninsa, ni ya kamata. Na miƙa hannu na kama ƙyallen, ban ma san yadda zan fara ba. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu a hankali. Nura ne, lokacin ya zama saurayi, idonsa jajur. Bai ɗaga murya ba, bai yi rashin kunya ba.

"Bar shi, Baba. Wannan aikin hannu ne."

Ya durƙusa ya ɗaure ubansa da ƙullin ubansa, kai da tsakiya da ƙafa. Na ja da baya na tsaya a cikin mutane kamar maƙwabci. An zage ni a tasha, an mare ni a shingen hanya, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan magana ba. Kuma amsarta tana bakina. Na waiga ta ƙofa na hango Abu a cikin mata tana kallona, ta girgiza mini kai kaɗan. A ranar tsoronta ya sauya, ba saki take gudu ba kuma, gudun kada 'ya'yanta su ce ita ta jawo. Na sake haɗiyewa, kuma haɗiyar nan ce ta kai ni har bara.

Bayan kwana bakwai na koma aiki. Na fito daga sallar asuba, bayan na zauna jan carbi saboda sabo, na tarar da jelar bel tana reto yadda na bar ta. Na tsaya na yi ta ƙoƙarin tuna yadda yake juya hannunsa, na naɗa ta nan, na zura ta can, ya ƙi. Ƙarshe na cusa ta yadda na saba na shiga mota. Na ci gaba da tsayawa a tsamiya har ranar da na ajiye tuƙi, amma ban sake shan fura a wurin ba.

Mutane kan ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ko a kan katifa yake ranar sai ya tafi. Amma imani da ƙaddara bai hana ni nadama ba. Ina nadamar gaggawar da na yi, ina nadamar kalmomin nan da na faɗa a kan tuwo, ina nadamar safiyoyin da na zauna ina jan carbi alhali taku kaɗan ne tsakanina da shi. Da na sani ƙeya ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce na yar da wana don na samu ƙarfe. Na sauke shi ne don ina son ya rayu, sai dai ban iya saukewar ba. Kada kuma wani a cikinku ya ɗora wa Abu laifi. Mace ce da ta tsinci mijinta a ƙasa ta rasa wanda za ta gaya wa, ta zo wurin wanda take ganin ya fi kowa son sa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙansa, ya sa sun huta.

Saura kai, Nura. Na san za a karanta maka wannan, ko ka karanta da kanka in kowa ya watse. Ban ce ka yafe mini ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Ban ce ka ƙara taku ɗaya daga bakin ƙofa ba in ka zo gaisuwa. Abu guda nake roƙo. Yanzu ni ma jirin ya fara ziyartata, kuma ni ban ɓoye wa kowa ba. A duk zuriyarmu kai kaɗai ka gaji ƙullin nan. Lokacin da Yaya yake raye, da wuya in kama hanya mai nisa bai duba mini ɗauri ba, har a lokacin da ba ya yi mini magana. In ranar ta zo aka sa ni a farin ƙyalle, kada ka bari wani ya taɓa. Ka durƙusa ka ɗaure ni da hannunka, kai da tsakiya da ƙafa, kuma kada ka bar jela.